A Rufe Mana, Sai Mun Dawo

Ku 'yan matan da kuka shigo sana'ar girkin taro yanzu, na ga kulolinku, na ga tukwanen gas ɗinku, na ga robobin da kuke zuba shinkafa kuna jerawa a bayan mota. Ban hana ku ba. Amma ranar nan a gidan suna na ji ɗaya daga cikinku tana cewa girkin taro ai girkin gida ne, tukunya ce kawai ta ƙara girma. Ban tanka mata ba saboda akwai baƙi. Yau zan tanka. Ni ban yi boko ba, ɗiyar ƙanena ce ke sa maganata a takarda, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mani baki.

Sunana Hajara, amma daga Batsari har Safana Inna Mai Muciya ake ce mani. Abu guda nake so ku koya a wurina kafin ƙasa ta rufe idona: yadda ake girkin da zai jira mai cin shi. Wannan ba wurin mace na koye shi ba. Wani ɗan majalisa ne ya tilasta mani, Malam Zubairu, Allah shi jiƙan shi. Kuma a kan wata gada ce, wadda ɗiyata Dije take aure a ƙetarenta.

Aikina na farko a Safana ne, bikin wani mai shanu, a hannun Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina. Na je da sabon zane ina tsammanin za a ba ni muciya. Toka da soso ta miƙo mani, ta nuna mani tukwane. Na daɗe ina wankin tukwane, sannan ta maida ni wurin wuta, can ma na daɗe. Takan ce duk wadda ba ta san icce ba, ɓarnar hatsin mutane kawai za ta yi. A wurinta na san marke da ƙirya suna ci a hankali su bar garwashi mai daɗewa, sabara da kara kuwa su tashi fuu su mutu, sai dai a tafasa ruwa da su. Ɗanyen icce ko guda ya shiga murhu, miyar ranar ta tashi da ɗacin hayaƙi, kuma babu daddawar da za ta ɓoye shi. Ranar da ta fara ba ni muciya, tukunyar ta kai mani ƙugu. Mace guda ta danne ta da icce mai baki biyu, ni ina tuƙi. Tuwon ya yi gudaji. Gwaggo ta kwashe mani shi a akushi ta ce shi ne abincina har ya ƙare.

Abu na biyu da ta koya mani ba a murhu yake ba. Ta ce, "Hajara, kafin ki ɗora tukunya ki san wanda ya kira ki, ki kuma san abin da yake so abincin ya yi mashi." Mai biki yana so a tafi ana zancen namansa. Mai sadakar mutuwa yana so ya isa kowa, ko da ba daɗi. Ɗan siyasa yana so a ga taro. Idan kin gane wannan, kin san yawan mai, kin san lokacin saukewa.

Bayan aure ya kawo ni Batsari, mulkin farar hula ya dawo, sai muka sami sababbin masu kira: 'yan kwangila. Ga yadda abin yake, don na san wasunku ba su taɓa gani ba. Gwamnati ta ba mutum aikin asibiti ko makaranta ko gada. In ya ce ya gama, majalisa ta turo wasu daga cikin 'ya'yanta, su ake ce ma kwamiti, su zo su gani da idonsu ko aikin ya yi, su koma su faɗa. To ɗan kwangila shi ke tarbarsu, kuma mu ke girki.

Kun san ƙasarmu, baƙo ba ya tsallake kwano. In an ajiye mashi abinci ya ƙi ci, ya zagi mai gida. Wanda kuwa ya ci tuwon mutum, ya sha furarshi, ya wanke hannu da butar gidanshi, da wuya a yinin nan ya dubi idonshi ya ce aikinka bai yi ba. 'Yan kwangila sun san haka sarai. Don haka abincin kwamiti mai nauyi ake yi: tuwon shinkafa, miyar taushe, man shanu har ya kwanta a sama, rago guda, fura da kindirmo. A sauke daidai lokacin da motoci suka tsaya. Su ci, su yi azahar, su ɗan kishingiɗa. Kafin a tashi rana ta karkata, direba ya fara zancen hanya. Sai a bi ta gefen aikin, a sauke gilashin mota, a ce madalla. Na yi irin wannan girki ba adadi. Aikina girki ne, abin da ake yi a zaure ba a tambayar mai murhu.

Girkin da ya sauya mani hannu shi ne na gadar Kwarin Geza. Ƙauye ne tsakanin Batsari da Safana, bayanshi daji, gabanshi rafi. Da rani yashi ne, yara ke wasa a ciki. Da damina in ya kawo, sai a yi kwanaki ba mai shiga ba mai fita, mace mai naƙuda a ajiye ta bakin ruwa a kan amalanke ana jiran ya janye. Can Dije take. Da aka ba da aikin gada mun yi murna. Amma da ta zo ganin gida sai ta ce mani, "Inna, gadar nan in aka jingina keke a jikinta, yashi ke zubowa." Na ji. Bayan 'yan kwanaki wanda ya yi gadar ya aiko a kira ni girkin kwamiti. Ba zan faɗi sunanshi ba, yana da jikoki.

Da safe ya leƙo bayan gida inda muka kafa murhu, ya ce, "Inna, yau ki zuba man shanu kamar ba gobe. So nake su tashi da ƙyar."

Na ce, "Za su tashi da ƙyar, Alhaji."

Jumma, Bafulatanar da ke kawo mani nono daga ruga, ta kawo kindirmo mai kauri har ludayi na tsayawa a ciki. Da hantsi motoci suka iso, na riga na kwashe tuwo, miya tana ƙamshi. Sai na ji sallama a bayana, muryar namiji. Tun da nake wannan sana'a babban mutum bai taɓa zagayowa wurin hayaƙi ba. Na waiwaya na ga wani siriri, rigarshi ba ta kai ta direbanshi kyau ba, yana riƙe da takalmin roba a hannu.

"Sannunku da aiki. Inna, ina kwana? Ina gajiya? Ya hayaƙi?"

"Lafiya lau, ranka shi daɗe. Ya hanya? Ya aka baro iyali?"

"Alhamdu lillahi. Inna, tambaya gare ni. Tuwon nan naki zai iya jira?"

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni dai tun da na tashi mutum na sani yana jiran tuwo."

Ya yi murmushi ya ce, "To yau a gwada a gani."

Shi ne Malam Zubairu, tsohon malamin makaranta, mutumin nan Batsari, shi aka ba shugabancin kwamitin duba ayyuka. Ya koma zaure, ni kuma na matsa jikin katanga, don kunnena bai taɓa yi mani ƙiwa ba. Na ji ya ce, "Alhaji, mun gode, Allah shi saka da alheri. Abincinka ba za mu ƙi shi ba, Allah shi kiyaye. A rufe mana, sai mun dawo."

Alhaji ya ce, "Haba ranka shi daɗe, ai zai huce! Loma biyu kawai."

"In ya huce mu ci da sanyi, mu muka ja."

Akwai wani ɗan majalisa mai jiki a cikinsu, abokan suna tsokanarshi da Sarkin Ci. Ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ni fa ko koko ban sha ba!"

Malam Zubairu ya ce, "Akwai dabino a mota, Sarki. Na ware maka manya."

Ku lura da abin da ya yi, don nan hikimar take. Bai ƙi abinci ba, balle a ce ya ci mutuncin mai gida. Bai kuma ci ba, balle bakinshi ya yi nauyi. Cewa ya yi a rufe. Ba wanda zai iya cewa an yi mashi laifi.

Abin da ya faru a bakin rafi Dije ce ta ba ni labari, don duk ƙauyen sun fito. Ta ce ya cire hula, ya sa takalmin roba, ya naɗe wando ya gangara ƙarƙashin gadar. Ya zaro ƙusa daga aljihu, doguwa, irin ta rufin kwano, ya karta jikin ginshiƙi. Sai ga shi yana zuba kamar garin ƙuli. Ya kira injiniyan da suka zo da shi ya ba shi ƙusar ya ce shi ma ya karta da hannunshi. Sannan ya kira dattawan gari ya ce su nuna mashi inda ruwa ke kaiwa a tsakiyar damina. Suka nuna mashi tabo a jikin wata kanya, ya fi saman gadar tsawo. A nan gaban kowa, gaban Alhaji, ya ce, "Wannan ba za ta ga damina biyu ba. Ba za mu ce mun ga gada ba."

Sai bayan la'asar suka dawo, ƙafafu duk yashi. Na buɗe kwanoni, na so ƙasa ta tsage. Tuwon shinkafa ya yi ɓawo, man shanu ya daskare fari fat a kan miya, fura ta kumbura ta yi tsami. Sarkin Ci ya ɗaga malmala guda ya ce, "Inna, wannan tuwo ne ko tubalin gadar aka kawo mana?"

Malam Zubairu ya ce, "Ya fi gadar ƙwari." Aka kwashe da dariya, ban da Alhaji, ban da ni. Suka ci abin da suka iya, shi ma ya ci, sauran ya koma a kwano.

Da zai shiga mota na tare shi, abin da ban taɓa yi ma wani babba ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, yau ka ɓata mani suna. Abincina bai taɓa komawa a kwano ba."

Ya ce, "Ki yafe mani, Inna. Amma ki sani, duk inda aka kira ki girkin kwamitina haka za a yi. Ki nemi dabara."

Na ce, "To in haka ne me ya sa ka ci?"

Ya ce, "Abin da zan faɗa na riga na faɗe shi a bakin rafi, gaban masu rafin. Tuwo ba zai iya maida shi ciki ba."

Na koma gida na nemi dabara, da hatsina, a murhuna, har maigidana ya ce ko na fara taɓuwa ne. Ga abin da na samo, ku buɗe kunne. Tuwon da zai jira ba a yin shi da tauri, ana barin shi da ɗan laushi, don zai ƙara kama jikinshi a rufe. A shafe cikin masaki da man shanu, a kwashe da zafinshi, a rufe da faifai. A naɗe da tsabtataccen zane, a kuma naɗe da buhun algarara, ba na leda ba, leda gumi take sa shi ya yi ruwa. A janye garwashi gefe, a zaunar da masakin kan toka mai ɗumi, tokar da za ki iya aza tafin hannu a kai ki daure. Miya kuwa ba a gama ta. A bar romo a kan guntun marke guda yana numfashi, nama a soye a gefe. Kuka ko kuɓewa ba ta shiga sai kunnenki ya ji ƙarar mota. Fura ba a dama ta, nono yana cikin ƙwarya a cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kuma ke kanki ba ki zama. Mai girkin jira tana tsaye ne tsakanin toka da ƙofa, hannu guda a buhu, kunne guda a hanya. Kulolinku suna riƙe zafi, na sani. Ku buɗe bayan yini guda ku shinshina, ku gaya mani.

Maganar gadar ta daɗe a majalisa. A rediyo muke ji. Malam Zubairu ya sa aka kira masu ba da aikin, su tsaya gaban kwamiti su amsa tambaya, in sun kauce ya sake kiran su. Aka ce ya cika taurin kai, aka ce yana kunyata jam'iyyarshi. Aka aika mashi dattawa har gida. A ƙarshe dai aka rushe ta aka sake zubawa, aka ɗaga ta sama da tabon jikin kanya. Ranar buɗewa ma ni na yi girki. An kafa rumfuna, an yi kiɗa, wasu ne suka yanka ƙyalle, sunayen wasu ne a jikin allo. Shi bai zo ba. Dije ta ce ana gobe buɗewa ya zo shi da direba kawai, ya shiga ƙarƙashi da ƙusarshi, ya karta, ƙusar ta lanƙwashe, ya koma mota.

Girkin famfon wani ƙauye ta wajen Safana shi ne mafi tsawon jira da na taɓa yi. Mai aikin ya sa an kawo ruwa da tanka da sassafe an cika tankin sama, don in an murɗa a ga ruwa. Aka murɗa, ruwa ya zubo, aka yi tafi. Malam Zubairu ya sa aka shimfiɗa tabarma ya ce a bar shi a buɗe, mata su kawo tuluna, za su zauna su ga tankin ya ƙare ya sake cika da kanshi. Ya ƙare, bai cika ba. Sarkin Ci ya aiko mani da saƙo wai in yi mashi addu'a, yana hannun azzalumi. Da suka dawo na buɗe masaki tururi ya tashi. Malam Zubairu ya leƙo bayan gida ya ce, "Inna, kin ci jarrabawa." Iyakar yabon da ya taɓa yi mani ke nan, kuma ya ishe ni.

Haka muka yi shekaru: asibitin da kwalayen magani suke wayam, ajin da aka yi ma fenti ba a yi mashi rufi ba. Wasu 'yan kwangila suka daina kirana, wai ni ce mai girkin Zubairu. Ban bi su ba.

Sai zaɓe ya zagayo. Nan mutanenmu suka yi abin da suka yi. A majalisar shayi, a tasha, har a bakin matan da muke surfe tare, magana guda ce: "Me ya yi mana? Wane ya raba babura, wane ya raba atamfa, wane sunanshi na jikin masallaci. Shi sai yawo da ƙusa." Ban ga laifinsu duka ba. Babur ana hawa a gani. Gadar da ba ta rushe ba kuwa, wa zai tuna da ita? Ko takara ba a sake ba shi ba. Ya dawo gidanshi nan Batsari, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, shi da rediyo.

Bayan nan shekarar wahala ta shigo, kun san ta, ba sai na ja ba. Ni ta wurin icce na fara gane ta. Masu jakunan da ke kawo mani marke daga bakin dajin Rugu suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na koma gawayi da kara. Jumma ta zo mani wata rana da ƙwarya rabi, ta ce ɓarayin daji sun kore shanunsu, a kasuwa kuma ana yi mata wani irin kallo kamar ita ta kore su. Ta ce, "Inna, daji ya ƙi mu, gari ya ƙi mu." Ban sake ganinta ba. Biki ya koma ɗaurin aure a watse. Girkin da ake kirana ya zama na sadakar mutuwa kawai, yau nan, gobe can. Kwamitoci kuma in sun zo iyakarsu cikin gari. Ban zarge su ba, kowa rai guda gare shi. Su ci da zafi, su juya kafin azahar. Ba wanda ya sake cewa a rufe.

A tsakiyar daminar shekarar aka shiga Kwarin Geza. An kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse. Da hantsi 'yan bindiga suka fito ta bayan gari a kan babura. Hanya guda ce ta fita, gada. Dije ta ce ruwan ya haura inda tsohuwar gadar take, yana jan itatuwa yana buga su a ginshiƙi, gadar kuma cike da mutane da shanu da amalanke, ga wata a-kori-kura maƙare da mata da tsofaffi. Ta ƙetare da goyo a baya, ɗaya a hannu. Mijinta Sani ya kai su tsakiyar gada ya koma ɗauko mahaifiyarshi. Washegari aka yi masu sutura su biyu, da wasu. Allah shi jiƙan su. Dije da 'ya'yanta suna ɗakina har yau. Sauran mutanen garin aka zuba su a wata makarantar firamare a nan Batsari.

Bayan kwana biyu na ɗauki mayafi na tafi ƙofar gidan Malam Zubairu. Na same shi ƙafafu sun kumbura, ciwo ya ci shi. Muka gaisa, ya yi mani ta'aziyya. Na ce, "Ranka shi daɗe, na zo in gaya maka ne, gadar ta riƙe."

Ya ce, "Ruwan ya kai ina?"

"Dije ta ce yana lasar cikinta, bai hau ba."

Na ɗauka zai ce alhamdu lillahi. Sai ya ce, "Gada muka duba, Inna. Dajin da ke bayanta ba mu duba ba." Ya juya rediyonshi ya kashe. Na tashi na yi mashi sallama.

Bayan kaka ya rasu. Girkina na ƙarshe a kanshi shi ne sadakar uku. Matarshi, Hajiya Binta, ta kira ni ta ce, "Inna, abokan aikinshi sun ce za su zo daga birni. Ki yi irin wanda kika saba yi masu." Na nemo marke da ƙyar. Na yi tuwo mai laushi, na shafe masakai, na naɗe, na zaunar kan toka. Maƙwabta da 'yan uwa suka ci nasu da safe aka yi addu'a aka watse. Na manya yana rufe. Na tsaya inda na saba tsayawa, hannu a buhu, kunne a hanya.

Hantsi ya wuce. Aka yi azahar. Waya ta fara shigowa: wannan an ce hanya ba kyau, wancan zama ya taso mashi, wani ya ce ya ba da saƙon ta'aziyya a rediyo. Ban sa kuka a miya ba. Aka kira la'asar, mota ko guda ba ta tsaya ba.

Hajiya Binta ta fito cikin takaba ta tsaya kaina. Ta ce, "Inna, ya za mu yi da shi?"

Na kwance buhu, na ɗaga faifai, tururi ya bugi fuskata. Na ce, "Hajiya, akwai masu shi."

Na kaɗa kuka, na dama fura da ɗan nonon da na samu, muka ɗora a kura aka tura zuwa makarantar nan. Mutanen Kwarin Geza suna zaune a baranda, tabarmi da ƙullin kaya a cikin azuzuwa. Na fara zuba ma dattawa. Mai unguwarsu, Baba Audu, ya wanke hannu ya ce, "Allah shi karɓa. Sadakar wa ce, Hajara?"

Na ce, "Ta Malam Zubairu."

Ya ce, "Wane Zubairu?"

"Ɗan majalisa."

Ya dubi na kusa da shi, shi ma ya girgiza kai. 'Yan majalisa da yawa sun wuce ta kansu.

Na ce, "Wanda ya shiga ƙarƙashin gadarku."

Ya riga ya yanko loma. Ya maida ta cikin kwano. Ya ce, "Mai ƙusa? Mai ƙusa ne ya rasu?"

Na ce, "Yau kwana uku."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba wanda ya gaya mana." Ya ɗaga murya ya kira na cikin azuzuwa, maza da mata suka fito. Ya ce, "Kowa ya ajiye kwano. A rufe tukuna." Suka ɗaga hannu. Na ga addu'o'i a gidajen manya da lasifika da rumfuna, ban ga wadda ta kai wannan tsawo ba. Na tsaya gefe ina lura da masakaina. Da suka shafa aka buɗe, har lokacin da zafinshi.

To kun ji. Tuƙi kowa zai iya in yana da ƙarfi, ɗanɗano kuma harshe ne ke koya ma mutum. Amma ku zo in nuna maku naɗin buhu da gwajin toka tun ina iya sunkuyawa. Na san za ku ce wa zai sa ku jira yanzu, kuma gaskiyarku, tun bayan shi ba wanda ya sake zagayowa wurin hayaƙi ya tambaye ni ko tuwona zai iya jira. Duk da haka masakan ban sayar ba. Buhunan ma suna nan a wanke, na ninke su a ƙarƙashin gado.